Yunifom ɗaya ga maza da mata: za a hana 'yata sa siket ne a makarantarsu ta Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a wani gari a arewacin Ingila, 'yata tana shekararta ta biyu a sakandare. Makarantarsu ta aiko da takarda cewa daga Satumba mai zuwa za a daina raba yunifom gida biyu, na maza da na mata, kuma suna neman ra'ayin iyaye. Zaurenmu na WhatsApp ya kama da wuta. Wasu na cewa so ake a mayar da 'ya'yanmu mata maza, wasu na cewa gobe za mu ga samari da siket. Ita 'yata dogon siket take sawa har idon sawu, da hijabi. Suna da ikon yin haka? In fara nema mata wata makaranta ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakata da neman wata makaranta tukuna. Ki koma kan takardar da suka aiko, ki wuce shafin farko mai daɗin baki, ki nemo inda aka jera kayan ɗaya bayan ɗaya. In ba su haɗo da jerin ba, ki kira ofishin makarantar ki ce a turo miki. Rabin amsarki yana cikinsa, domin makarantun ƙasar nan abubuwa biyu suke yi da suka sha bamban, kuma duka biyun da irin wannan takarda suke sanar da su.

Na farko, a haɗe jerin maza da na mata ya zama ɗaya. Wando yana nan, siket yana nan, kwat da riga da takalmi suna nan. Abin da aka goge kawai shi ne rubutun da ke cewa wannan na maza, wannan na mata, sai kowane ɗalibi ya ɗauki wanda yake so. In wannan ne, 'yarki ba ta rasa komai ba, ranar da aka koma hutu za ta shiga da siket ɗinta yadda ta saba. Na biyu, a cire siket kwata-kwata, a ce kowa wando. Wannan ne ya shafe ki kai tsaye. Mutanen zaurenku sun cakuɗa biyun ne. Mai tsoron a hana 'yarsa siket da mai tsoron a ga samari cikin siket suna ta ihu tare, alhali makaranta ɗaya ba za ta iya yin duka biyun ba. In an soke siket, babu namijin da zai sa shi. In kuwa namiji yana iya sawa, to ba a soke shi ba ke nan.

Na koyar a sakandare a gida Najeriya kafin in zo nan, a nan kuma na zauna a hukumar gudanarwar makaranta, wadda ita ce ke yanke irin wannan hukunci. Tsarin zaɓi ina goyon bayansa. Tsarin wando dole ba na son sa, amma ba don dalilan da ake faɗa a zaurenku ba.

Wannan rigima ba daga maganar sauya jinsi ta faro ba. 'Yan mata ne suka tayar da ita, suna neman a bar su su sa wando, kuma an daɗe ana yi. A 1999 wata yarinya 'yar shekara 14 a makarantar Whickham da ke Gateshead, kusa da Newcastle, ta nemi a bar ta ta riƙa zuwa da wando saboda sanyi. Makarantar ta ƙi. Mahaifiyarta ta tsaya kai da fata, hukumar tabbatar da daidaito ta wancan lokacin ta mara musu baya, aka doshi kotu. A farkon 2000 makarantar ta janye gudun kuɗin shari'a, don haka maganar ba ta samu hukuncin alƙali da sauran makarantu za su bi ba. Inda aka kai shari'ar ƙarshenta shi ne Amurka. Wata makaranta mai suna Charter Day School a jihar North Carolina, wadda ke gudana da kuɗin gwamnati, ta wajabta wa 'yan mata siket. Da wata uwa ta nemi dalili, wanda ya kafa makarantar ya ce siket yana koya wa samari cewa mace abu ce mai rauni da ya kamata a kula da ita a girmama ta. Iyaye suka shigar da ƙara a 2016. 'Yan matan sun shaida cewa suna jin sanyi da hunturu, suna ƙin hawa lilo ko tsalle-tsalle kada a ga jikinsu, kuma hankalinsu a aji yana kan yadda za su zauna. A watan Yunin 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya, alƙalai 10 a kan 6, bayan shekara guda kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar makarantar. A Yammacin Ostireliya ma, wasiƙar wata yarinya 'yar shekara 11 zuwa ga ministar ilimi ce ta sa a 2017 aka umarci makarantun gwamnati su bar 'yan mata su sa wando.

Ki tuna cewa siket ɗin da ake wannan magana a kansa ba irin na 'yarki ba ne. Siket ɗin makarantar Turawa in ya yi tsawo ya taɓa gwiwa. Yarinya ce za ta tsaya jiran bas da shi a watan Janairu, duhu bai gama yayewa ba, iska tana kaɗawa, daga ita sai doguwar safa. Ga kuma maganar motsa jiki. A 2024 masu bincike na Jami'ar Cambridge sun duba bayanan yara sama da miliyan ɗaya daga ƙasashe da yankuna 135, suna auna waɗanda ke samun motsa jikin minti 60 a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. A matakin firamare, tazarar da samari suka ba 'yan mata ta kai maki 9.8 cikin ɗari a ƙasashen da yawancin makarantu ke da yunifom, a waɗanda ba su da shi kuwa 5.5 ce. Su kansu masu binciken sun ce wannan bai tabbatar da cewa yunifom ne sanadi ba. Sai dai duk malamin da ya taɓa tsaron filin wasa lokacin tara ya ga inda 'yan mata suke taruwa su zauna, samari kuma su mamaye tsakiyar fili da ƙwallo. Sannan ga wayoyin hannu. A watan Afrilun 2019 doka ta fara aiki a Ingila da Wales wadda ta mayar da ɗaukar hoton ƙarƙashin siket ɗin mace ba da yardarta ba laifi, ɗaurinsa yana iya kai wa shekara 2. Ba a yi dokar don nishaɗi ba, kuma 'yan mata da yawa gajeren wando suke sawa a ƙarƙashin siket saboda matattakalar bene. Maganin yaro marar tarbiyya ba sauya wa yarinya kaya ba ne, amma yarinyar da ta ce ita wando take so don ta samu natsuwa, ban ga hujjar hana ta ba. Uwa musulma ma ita ya kamata ta fara fahimtar wannan yarinya.

To me ke sa makaranta ta tsallake zaɓi ta ce wando dole? A mafi yawan lokuta tsawon siket ne. Dokar makaranta za ta ce har gwiwa. Yarinya za ta fito daga gida da shi har gwiwa, uwa ta gani ta gamsu, kafin ta kai ƙofar makaranta ta nannaɗe ƙugunsa sau biyu ko uku ya haura cinya. Malamin da ke bakin ƙofa ya ce ta sauke, ta sauke, ta shiga banɗaki ta mayar. Kullum haka, safe da rana. Malamai maza ba sa son yin maganar sam, don kada a ce me ya kai idonsu can, sai aikin ya koma kan malamai mata kaɗan, su zama abokan gabar ɗalibai. In aka tsananta, iyaye su zo da faɗa cewa ana wulaƙanta 'ya'yansu, wani lokaci har jarida. Shugaban makarantar da ya gaji da wannan sai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce a kawar da siket ɗin baki ɗaya. Kuma tun da rubuta "mun kasa shawo kan 'yan matanmu" a takardar iyaye ba ya da daɗin ji, sai a rubuta daidaito.

Misalin da ya fi shahara shi ne makarantar Priory da ke garin Lewes a kudancin Ingila. A 2017 ta ce sababbin ɗalibai duka wando za su sa, ta ba da dalili biyu: ƙorafi kan gajartar siket, da kuma 'yan ɗalibai ƙalilan masu sauya jinsi. A 2019 ta faɗaɗa dokar ta hau kan kowa, har da 'yan ajin ƙarshe da saura 'yan watanni su gama. Ranar komawa makaranta a watan Satumba, iyaye da ɗalibai fiye da ɗari suka taru a bakin ƙofa, aka kira 'yan sanda, aka mayar da 'yan matan da suka zo da siket gida. Ki lura da waɗanda suka yi boren. Turawa ne 'yan gari, kuma kukansu biyu ne: an ƙwace wa 'ya'yansu zaɓi, an kuma sa su sayen sabon kaya alhali na da bai tsufa ba.

Abin da ya sa nake adawa da wannan tsari shi ne laifin wata yake hawa kan wata. Yarinyar da siket ɗinta ya kai idon sawu, wadda ba a taɓa tsayar da ita a ƙofa ba, ita ce ta fi kowa asara, alhali matsalar da ake son magancewa ba ta da hannu a ciki ko kaɗan. Sannan abin da ake kira kayan kowa da kowa, in kin duba, kayan samari ne aka ba kowa. Samari ba su sauya ko maɓalli ba, 'yan mata ne kaɗai suka koma kanti. Wace irin daidaitawa ce wannan? Kuma ba ya ma kashe rigimar. Wandon makaranta na 'yan mata da ake sayarwa a kantuna yawanci matsattsen ɗinki ne, wasu masu roba da ke bin jiki. Kafin a gama zangon farko, malamin da ke auna tsawon siket ya koma duba ko wando ya matse, ko yadinsa ya yi kama da na motsa jiki, ko ƙafarsa ta tsuke. Duk watan Satumba jaridun ƙasar nan ba sa rasa labarin yaran da aka ware daga aji saboda wando. An gudu ba a tsira ba.

Maganar samari da siket kuwa, hoton da aka fi yaɗawa yana da labarin da ba a haɗo shi da shi. A watan Yunin 2017 an yi zafi mai tsanani, samarin makarantar Isca da ke Exeter suka nemi a bar su su sa gajeren wando, aka ce ba ya cikin yunifom, har aka yi musu gatse cewa in suna so su sa siket. Kusan su 30 suka ari na 'yan'uwansu mata da ƙawayensu suka zo da shi. Bore ne na neman iska, kuma sun ci nasara, makarantar ta amince da gajeren wando daga shekara mai zuwa. A makarantun da na sani masu jeri ɗaya, abin da ya sauya a ido shi ne 'yan mata masu wando sun ƙaru, musamman da hunturu. Samari suna nan da wandonsu. Yaro ɗan shekara 13 ya fi tsoron dariyar abokansa fiye da kowace doka.

Ba zan ce miki maganar sauya jinsi ba ta cikin lissafi ba. Tana ciki, Priory ma ta faɗa da bakinta. Jeri ɗaya yana hutar da shugaban makaranta daga zama yana yanke hukunci a kan yaro ɗaya-ɗaya. A Wales, tun Satumban 2019 ƙa'idar gwamnati ta ce kada makaranta ta ware wani kaya ta ce na wannan jinsi ne kaɗai. A Ingila gwamnati ba ta tilasta haka ba, ta bar wa hukumar kowace makaranta. Abin da nake so ki raba shi ne wannan: yunifom daban, banɗaki da ɗakin sauya kaya daban, abin da ake koyarwa a darasin zamantakewa daban. Kowanne da dokarsa. Ƙa'idar gine-ginen makarantu a Ingila ta wajabta banɗaki daban ga maza da mata daga shekara 8, sai dai in ɗaki ne na mutum ɗaya mai makulli daga ciki. A Afrilun 2025 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa mace da namiji a dokar daidaito ta 2010 na nufin jinsin haihuwa, duk da cewa shari'ar daga Scotland ta taso kuma ba ta yunifom ba ce. In waɗannan ne ke damun iyayen zaurenku, su tambayi makaranta a kansu kai tsaye, a wata takarda daban. In aka zuba su duka cikin maganar siket, hukuma za ta amsa mai sauƙin ta bar mai wuyar.

Yanzu ɓangaren da ya fi kusa da zuciyarki. In kin yi makaranta a Kano ko Katsina ko Sakkwato, kin san yadda 'yan matanmu suke fita da safe: riga mai tsawo zuwa gwiwa ko ƙasa da ita, wando, hijabi. Babu wanda ya taɓa cewa an mayar da su maza. A wajenmu wandon ma shi ne cikon sutura, shi ya sa yarinya take hawa babur ko ta tsallake kwata hankali kwance. Ki gangara kudu kuma, za ki tarar da majami'un da ke hana mace wando bisa wata aya ta Tsohon Alkawari, har an sha sallamar 'yan mata masu bautar ƙasa daga sansani saboda sun ƙi sa wandon kaki. Ƙasa ɗaya, wando ɗaya, a nan kamun kai, a can saɓo. Hadisin da ya la'anci mata masu kamanceceniya da maza da maza masu kamanceceniya da mata ingantacce ne, yana cikin Bukhari. Malamai da yawa sun yi bayanin cewa gane kayan maza da na mata yana bin al'adar wuri da yanayin ɗinkin, shi ya sa miliyoyin mata musulmi a Pakistan da Bangladesh suke rayuwa cikin wando mai faɗi da doguwar riga ba tare da an ce uffan ba. Wasu malaman sun fi tsanantawa. Fatawa tasu ce, ki kai wa malamin da kika amince da shi, amma ki kai masa tambayar da cikakken bayani. Wando mai faɗi a ƙarƙashin riga har gwiwa abu ne guda. Wandon kanti da 'yar shat da aka ce dole a yi zanzaro da ita, kwat kuma iyakarsa ƙugu, wani abu ne daban. Na biyun shi ne abin da yawancin makarantun nan suke nufi in sun ce wando.

An ga wannan a jihar Kerala ta Indiya. A Disambar 2021 wata sakandaren gwamnati a garin Balussery ta koma shat da wando ga kowa, ƙungiyoyin musulmi suka fito zanga-zanga. Jaridun waje suka ɗauka cewa musulmi ne ke ƙin mace ta sa wando, alhali 'yan matan sakandare a can yawanci da wando suke zuwa tun da, a ƙarƙashin doguwar riga. Abin da ya tafi shi ne doguwar rigar. A 2022 babban ministan jihar, Pinarayi Vijayan, ya ce gwamnati ba za ta ƙaƙaba wa kowace makaranta tsarin ba.

Kin tambaya ko suna da iko. Suna da shi. A Ingila hukumar makaranta ce ke tsara yunifom, kuma tana iya hukunta ɗalibin da ya saɓa, har a tura shi gida ya sauya ya dawo. Amma ikon yana da iyaka. Dokar daidaito ta 2010 ta hana makaranta nuna bambanci saboda jinsi, addini, launin fata ko naƙasa, kuma ba sai an ambaci sunan wani rukuni ba. Doka tana iya hawa kan kowa daidai amma ta fi cutar da wasu, to a nan sai makaranta ta nuna cewa tana da manufa mai kyau kuma babu wata hanya mai sauƙi ta cim ma ta. Wannan ƙa'ida ta girmi dokar 2010. Da ita wata yarinya mabiyar addinin Sikh ta yi nasara a 2008 kan makarantar 'yan mata ta Aberdare a Wales da ta hana ta sa awarwaron addininta. Da ita kuma wani yaro ɗan asalin Karibiyan ya yi nasara a 2011 kan wata makarantar Katolika a Landan da ta ƙi karɓarsa saboda kitson da mazan danginsu suka gada.

Shari'ar da ta fi kama da taki ita ce ta Shabina Begum, kuma ita faɗuwa ta yi. Makarantar Denbigh da ke Luton yawancin ɗalibanta musulmi ne, shugabarta ma musulma ce, kuma ta riga ta amince da doguwar riga da wando irin na Pakistan tare da mayafi, bayan ta tuntuɓi iyaye da masallatan garin. A Satumban 2002 Shabina ta zo da jilbabi, aka ce ta koma ta sauya. Ta faɗi a babbar kotu a 2004, ta ci a kotun ɗaukaka ƙara a 2005, sannan a Maris ɗin 2006 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙarshe, suka ba makarantar gaskiya. Abin da ya yi nauyi a wajensu shi ne makarantar ta yi shawara da mutane kafin ta tsara yunifom, ta tanadi sutura da yawancin musulmin wurin suka yarda da ita, kuma akwai wasu makarantu a yankin da suke karɓar jilbabi. Yarinyar ta yi kusan shekara 2 ba ta zuwa aji. Ki ɗora wannan a kan halin da kike ciki. Makarantar 'yarki tana neman ra'ayi yanzu. In iyaye musulmi suka ƙare ƙarfinsu a WhatsApp ba wanda ya rubuta komai, gobe makarantar za ta ce ta tambaya ba a yi ƙorafi ba, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a gaban kowa. Maganarki ta fi tsada a wannan watan fiye da bayan an buga tambari.

Akwai wata ƙofa da iyaye ba su cika amfani da ita ba, ita ce kuɗi. A 2021 majalisa ta yi doka kan tsadar yunifom, ƙa'idar da ta biyo baya a Nuwamban shekarar kuma dole ne makarantun gwamnati su yi la'akari da ita. Ta ce a rage kayan da ke ɗauke da bajon makaranta, a samar wa iyaye hanyar sayen gwanjo, a wallafa tsarin a shafin makaranta na intanet, a kuma guji yawan sauye-sauye. Makarantar da za ta sa rabin ɗalibanta su ajiye siket mai kyau su sayi wando daga shago ɗaya tilo tana da tambayar da za ta amsa. Wannan kuka ne da uwa Baturiya mai 'ya'ya uku za ta sa hannu a kai tare da ke.

Saboda haka ki rubuta, da sunanki, zuwa ga shugaban hukumar gudanarwa, ki ba shugaban makaranta kwafi. Na karanta irin waɗannan wasiƙu a teburin hukuma. Wadda ta ce "ba mu yarda ba, ana son lalata mana yara" ana ajiye ta gefe da ladabi. Wadda ta zo da mafita ita ake tattaunawa, don membobin hukumar 'yan sa kai ne da suka zo taro da yamma bayan aiki, kuma duk wanda ya rage musu wahala sun gode masa. Ki nuna kin gane damuwarsu kan gajeren siket, sannan ki ce a bar siket a jerin da sharaɗin tsawo daga gwiwa zuwa idon sawu. Za su kawo maganar haɗari a ɗakin gwaje-gwaje da matattakala, don haka ki riga su: miƙaƙƙen ɗinki, wanda ba ya jan ƙasa. In sun dage kan wando, ki nemi a rubuta cewa an yarda da mai faɗi daga kowane kanti, da doguwar riga mai launin makaranta har gwiwa ba tare da zanzaro ba. Ki nemi a sa hijabi da launinsa a cikin takardar da kanta, kada ki yarda da "ai ba ma hanawa" na baki, domin shugabanni suna sauyawa, takarda ce ke zama. Kada ki manta da kayan motsa jiki, nan ne aka fi samun saɓani daga baya: dogon wando da riga mai dogon hannu. Sannan a ba waɗanda suka riga suka sayi kaya wa'adin shekara guda. Ki nemi iyayen da ba musulmi ba su rubuta nasu. Akwai Kiristoci da Yahudawa masu riƙon addini da 'ya'yansu mata ba sa sa wando, akwai 'yan matan da wandon kanti ba ya zama a jikinsu, akwai waɗanda suka fi sakewa da siket a kwanakin al'ada, kamar yadda wasu suka fi sakewa da wando.

Kafin ki aika, ki zauna da yarinyar. Ita ce mai shiga ruwan sama da dogon siket ya jiƙe har gwiwa ta wuni da shi a aji, ita ce kuma ta san abin da ake faɗa wa mai hijabi a filin wasa. Wataƙila ta ce siket ɗinta take so, wataƙila ta ba ki mamaki ta ce doguwar riga da wando sun fi mata. Wasiƙar da ta ɗauko maganar ɗaliba da bakinta ta fi ratsa hukuma.

In hukunci ya fito ba yadda kike so ba, ki nemi a yi wa 'yarki togaciya bisa dalilin addini, a rubuce. In an ƙi, kowace makaranta dole tana da matakan shigar da ƙorafi, daga shugaba zuwa kwamitin hukuma, daga nan zuwa ma'aikatar ilimi. A duk tsawon wannan kada ki ajiye ta a gida, don rashin zuwa makaranta yana jawo wa iyaye tara, kuma yarinyar ce ke asarar karatu. Sai an bi waɗannan an gaza sannan maganar sauya makaranta ta taso. In ta kai ga haka, ki yi shi cikin shekarar da za ta shiga a Satumba, kafin ta fara shekaru biyun karatun GCSE, jarrabawar da ake zanawa a ƙarshen sakandare, kuma ki fara tambayar ƙaramar hukumarku makarantun da ke da gurbi kafin ki cire sunanta daga inda take.